Mai Hula, Wayarta da Ma'aikacin Haraji

  

A shekarar 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano, ya tarar ana karɓar wuri 700 a kan kowace rijiyar rini, wato kuɗin karofi. Mai karɓa ba ya tambayar marini nawa ya sayi baba, ko turame nawa ya rina a shekarar. Rijiya ake ƙirgawa a yanka kuɗi. Da Turawa suka zo, dokar Gwamna Lugga ta 1906 ta tattara ire-iren waɗannan kuɗaɗe ta mai da su haraji guda, aka bar jangali a gefe, shi ma kan saniya ake ƙirgawa. Talakan ƙasar Hausa ya tashi da sanin haraji abu ne da ake yanko masa daga sama, shi ya sa aka yi ta murna a 1979 da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke shi.

Wannan tsohon tsoro ne ya farka a Anka da Gummi da Bukkuyum a nan Zamfara, da ma sauran Arewa, bayan Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji guda huɗu ranar 26 ga Yuni 2025, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara, biyun da suka shafi mai biyan haraji kai tsaye suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Jita-jita ta bazu cewa duk alat ɗin da ya shigo waya gwamnati za ta gutsuri rabonta. Masu ɗinkin hula, masu turaren wuta da humra, masu saƙar tabarma da faifai, dukawa masu takalmi, duk wanda ke ɗora hoton kayansa a WhatsApp ko Facebook ko TikTok yana jiran mai saye daga Sakkwato ko Abuja, hankalinsa ya tashi.

Dokar ba haka ta ce ba. Ribar sana'a ake yi wa haraji, wato abin da ya saura bayan an fitar da duk kuɗin da aka kashe kacokan domin sana'ar. A cikin wannan ribar ma, naira 800,000 na farko a shekara ba a karɓar ko kwabo. Abin da ya ɗora a kai har zuwa miliyan uku, kashi 15 cikin ɗari ne, daga nan ya riƙa hawa har ya kai kashi 25 ga mai samun sama da miliyan 50. Wanda ke sana'a da sunansa, jihar da yake zaune yake biya, mu nan hukumar tattara kuɗin shiga ta Zamfara ke nan.

A ɗauki misali, lissafi ne kawai don a gane. Wata mata a Gummi tana raba wa maƙwabta yadi da zare su yi mata ɗinkin hula, ita kuma tana tallar su ta waya. A shekara ta sayar da hula 200 a kan naira 9,000 kowacce, asusunta ya ga naira 1,800,000. Amma yadi da zare sun ci 500,000, ladan masu ɗinki 350,000, wankin hula da bugu 60,000, kuɗin motar da ke ɗaukar saƙo zuwa Gusau ko Sakkwato 70,000, data da cajin mai POS 40,000. Jimla 1,020,000. Ribarta 780,000 ce, ba ta kai mizani ba, babu harajin da ya hau kanta. To amma idan ba ta da abin da za ta nuna, aka ɗauki duk abin da ya shiga asusun a matsayin samu, naira miliyan ɗaya za ta haura mizanin, a nemi ta biya 150,000. Mace ɗaya, ciniki ɗaya, bambancin kawai littafin lissafi ne na 'yan ɗaruruwan naira.

Nan ne gizo ke saƙa. A kasuwar Daki Takwas ko Nasarawar Burkullu babu mai sayar da zare da ke ba da rasit. Direban da aka damƙa wa ƙunshin huluna a tasha lambar waya kawai yake bayarwa. Yarinyar da ta yi kwana da kwanaki tana soka allura, a hannu ake ba ta kuɗinta, wani lokacin ma rabi kuɗi rabi atamfa. An rubuta dokar da tunanin shago mai takardu, sana'ar kuwa a tsakar gida ake yin ta, bisa amana. Kuma dokar ta ba hukuma ikon yin ƙiyasi ga duk wanda bai ajiye lissafi ba. Ƙiyasi kuwa jikan kuɗin karofi ne: a dubi mutum a yanka masa.

Maganin ba mai tsada ba ne. Duk ranar da aka sayi kaya a rubuta kwanan wata, abin da aka saya, nawa, wurin wa. Da boko ko da ajami, duk rubutu ne. Wanda zai karɓi kuɗi ta banki a tura masa, a kuma rubuta dalilin turawar a gurbin da manhajar ta tanada, domin takardar bayanin asusu shaida ce da ba ta ɓacewa ko da ruwa ya ci gida, kamar yadda mutanen Gummi suka gani a ambaliyar Agustan 2024. Mafi muhimmanci, a raba asusun sana'a da na gida. Kuɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Legas, kwasar adashi, gudummawar biki, duk ba ciniki ba ne, amma idan suka cakuɗe da kuɗin hula, mai su ce za ta sha wahalar tsincewa.

Akwai abubuwan da mutane ke zaton ana cirewa alhali ba a cirewa. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara, ankon biki, ba sa cikin kuɗin sana'a. Mai sana'a ba za ta yanka wa kanta albashi ta ce shi ma a fitar ba, domin ribar ita ce ladanta. Wayar da ake talla da ita kuma ake gaisawa da dangi, kason sana'a kaɗai za a lissafa. Keken ɗinki ko sabon injin da zai yi shekaru yana aiki, kashi-kashi ake cire kuɗinsa, ba a shekara ɗaya ba. Mai zaman gidan haya yana da wani sassauci daban: kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, amma sassaucin ba zai wuce naira 500,000 ba.

Sai batun zakka, wanda ba a tsallake shi a jihar da ta kafa hukumar zakka tun zamanin Ahmad Sani Yarima. Lissafin zakka da na haraji sun sha bamban. Zakkar kasuwanci tana duban dukiyar da ke hannu, jari da riba, idan ta kai nisabi shekara ta zagayo, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Haraji ribar shekara yake dubawa. Fitar da ɗaya ba ya sauke ɗaya. Sai dai littafin da aka rubuta don mai haraji shi zai sauƙaƙa lissafin haƙƙin Allah.

Wasu ƙasashe sun rage wa ƙananan masu sana'a wannan wahala. A Ingila, wanda cinikinsa na gefe bai wuce fam 1,000 a shekara ba, ba ya ma buƙatar sanar da hukuma, wanda ya wuce kuma yana iya cire fam 1,000 ɗin a dunƙule ba tare da rasit ko ɗaya ba. Irin wannan cirewar dunƙule ta fi dacewa da kasuwar da ba ta san rasit ba fiye da Landan ɗin kanta.

Ita ma hukuma akwai bashi a kanta. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin Zamfara, an kuma rufe kasuwannin mako, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mai talla ta waya ya rasa kasuwa biyu a lokaci guda. Har yau akwai ƙauyuka a Anka da Bukkuyum da 'yan bindiga ke aza wa nasu harajin kafin a yi noma ko girbi, kuma wannan kuɗi ba shi da gurbi a takardar kowace hukuma. Direba yana ƙara kuɗin saƙo saboda haɗarin hanya, mai hula ce ke biya. Gwamnatin da ke son a kawo mata lissafin gaskiya dole ta fara da tsare hanyar da kayan ke bi.

Roƙon wannan zama ga hukumar haraji ta jiha shi ne ta fito fili ta ce ta karɓi littafin hannu da shaidar tura kuɗi a matsayin hujja, ta buga takardar cikewa da Hausa, ta aiko ma'aikata mata waɗanda za su iya shiga gidaje su yi bayani. Ku kuma iyayenmu mata da 'yan'uwa masu sana'a, lambar NIN ɗinku ita ce shaidar harajinku, 31 ga Maris ce ranar ƙarshe ta miƙa bayanin shekarar da ta gabata, ko da lissafin ya nuna ba a bin ku komai. Ɗalibai da ke wannan zaure, kowannenku ya zauna da mahaifiyarsa ko yayarsa a wannan makon ya ja mata layi a littafi: kwanan wata, shiga, fita.