Jawabin Magatakarda: Haruffan da Muke Rubuta Sunan Kasuwancinmu da Su

Shugaba, iyayen ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa da suka zo daga Maraɗi, Damagaram da Ƙonni, da na Jibiya, Illela, Maigatari da Kano, muna yi wa kowa barka da zuwa wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu.

Ofishin magatakarda ya zaɓi ya yi magana a kan abin da yake kamar ƙarami, wato salon haruffan da ake rubuta sunan kasuwanci da shi a allon shago, buhu, kwali da rasit. Kayanmu suna zuwa garuruwan da mu ba mu zuwa. Mai saye a can bai san fuskarmu ba, sunan da ke jikin buhu ya sani. Idan yau an rubuta shi da siffa ɗaya, gobe da wata, ba zai iya bambance namu da na jabu ba. Don haka shawararmu ɗaya ce: a zaɓi salo guda, a gwada shi sosai kafin a biya kuɗin bugu, sannan a riƙe shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gwaji na farko shi ne haruffa masu ƙugiya. Da yawa daga cikin salon ado da ke kwamfutocin masu zane an yi su ne don Turanci, ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Idan mai zane bai same su ba, sai ya cire ƙugiyar, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ya fito daban da 'yan'uwansa, ko ta sa ɗan akwati a gurbinsa. Ku duba abin da hakan ke jawowa: masaukin baƙi ya koma masaukin baki, ƙura ta zama kura. Akwai kuma bambancin da ya shafe mu kai tsaye. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya da alama a gaban y, a Nijar kuwa da harafin ƴ. Saboda haka a sa mai zane ya buga ɓ ɗ ƙ ƴ, da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ, a gabanku. Manyan ne aka fi rasawa, alhali su ake bukata a allo.

Na biyu, Faransanci da alamun kuɗi. Buhun da zai wuce kwastan ya shiga hannun duwan yakan ɗauki harsuna biyu ko uku. A gwada é, è, ê da ç, a gwada alamar naira ₦, a kuma ga yadda FCFA ke fita. Akwai salo da aka sani suna ɗauke da haruffanmu da na Faransanci, kamar Noto Sans na kamfanin Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL. Kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su. Wanda abokan cinikinsa suka fi karanta ajami, SIL ta fitar da salo mai suna Alkalami, wanda aka tsara bisa rubutun hannu irin na Kano, da wani mai suna Harmattan. Ku lura, ba kowane salo da ake saukewa daga intanet aka halatta yin kasuwanci da shi ba. Ku tambayi mai zane.

Na uku, lambobi. Lambar waya ita ce ƙofar ciniki. Ta Nijar tana da lamba 8 bayan +227, ta Najeriya tana da 10 bayan +234. A wasu salon ado 1 da 7 suna kama da juna, haka 3 da 8, haka sifili da harafin O. Lamba ɗaya ta kuskure, cinikin ya tafi ga wani. A ba yaron shago ya karanta lambar da ƙarfi, wani kuma ya riƙa dannawa a waya.

Na huɗu, nesa da ƙanƙanta. Masu rubutun allo suna da ƙa'ida: tsayin inci 1 ga kowace ƙafa 10 ta nisa, wato kusan santimita 2 da rabi ga mita 3. Shagon da ake so direba ya karanta sunansa daga mita 30 yana bukatar haruffa masu tsayin kusan santimita 25. A buga samfuri a takarda, a manna a bango, a tsallaka titi a duba da rana, a sake dubawa bayan magariba. Daga nan a ƙanƙanta shi daidai girman hatimin roba da hoton WhatsApp. Haruffa masu siraran layuka da masu yawan lauje su ne ke fara ɓacewa.

Na biyar, jikin kayan. Abin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta ba lallai ya yi kyau a buhu ba, domin saƙar buhu tana cinye layi siriri, tawada kuma tana cike ramin a, e da o. Buhun zai sha jifa a tasha, ƙurar hunturu da ranar bazara, kuma jan launi yana saurin koɗewa. A nemi a buga guda ɗaya, a bar shi a rana, a goga shi a ƙasa, a kuma yi masa fotokwafi baƙi da fari a ga ko zai karantu.

Idan salo ya ci waɗannan gwaje-gwaje, a bar shi ga sunan kasuwanci kawai. Bayanin nauyi, ranar lalacewa da lambar NAFDAC a rubuta su da salo mara ado. Salo biyu sun isa. Kafin a kammala biyan mai zane, a karɓi sunan salon a rubuce da fayil ɗin aikin, a kuma nemi kwafin da aka mayar da haruffansa zane, domin maɗaba'ar da ke ɗaya ɓangaren iyaka ta buga shi yadda yake ko da ba ta da salon.

Daga ƙarshe, rajista. Nijar tana cikin hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajistar tambari guda ke aiki a ƙasashe 17, har da Kamaru, Cadi da Benin. Najeriya ba ta ciki, tana da nata ofishin rajistar tambari a Abuja. Mai sayarwa a ƙasashen biyu yana bukatar rajista biyu, kuma rajistar sunan kasuwanci a CAC daban take da rajistar tambari. A gama gwaji kafin a kai, don siffar da aka yi wa rajista ta zama ita ce ke jikin buhu.

Duk wanda ke shirin sabon allo ko buhu, ya kawo samfurinsa ofis mu duba tare kafin a buga. Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya sa albarka a cinikinmu, ya mayar da kowa gida lafiya.