Liba da Hannun Riga: Hana Zungurar Libar Cebur a Ƙaramar Tarakta



Ƙananan taraktoci irin su Kubota BX da John Deere 1025R sukan zo da cebur a gaba, wanda ake loda taki, yashi ko buntun shinkafa da shi. Liba ɗaya ce a hannun daman direba take sarrafa shi. A ja ta baya, cebur ya tashi. A tura gaba, ya sauka. Hagu ya naɗe kaya, dama ya juye. In kuwa aka tura ta gaba har ta yi ƙas ta maƙale, an sake shi ke nan, nauyinsa ne zai kai shi ƙasa.

Abin da na zo in jaddada shi ne, kashe inji ba ya kashe wannan liba. Man da ke cikin silinda ne ke riƙe da cebur a sama, bawul kuma ya tare masa hanya. Ita libar kai tsaye take taɓa bawul ɗin, ba ruwanta da makulli. Gwiwa ta zungure ta, ko yaro ya hau yana wasan tuƙi, sai mai ya gudu zuwa tanki, kaya ya rikito.

Na taɓa gani a wata gonar kiwo. Direba ya ɗaga taki, ya kashe inji, ya diro ta dama domin nan ne inuwa take. Hannun rigarsa ya sarƙe kan libar. Kafin ya waiwaya, cebur ya sauka kan baron da wani yaro ya saki yanzun nan, ya lanƙwasa shi kamar gwangwani. Tun ranar na daina ganin laifin masana'antun da suka sa matakalar hawa a hagu.

Duka taraktocin nan biyu suna da 'yar sakata kusa da gindin libar, wadda ke kulle ta a tsakiya. Direbobi da yawa ba su san da ita ba. Ya kamata a sa ta duk lokacin da za a hau titi, domin cebur da ya caki ƙasa ana cikin gudu yana iya wurgar da direba. Tsohuwar taraktar da ba ta da sakata, mai walda zai iya kewaye libar da rodi. Ɗaure ta da robar taya kuwa, yaudarar kai ce.

Sakata ba ta hana tiyo fashewa. Saboda haka kafin a sauka, a ajiye cebur a ƙasa, a ja birki, a kashe inji, a motsa libar ta kowane ɓangare don sauran ƙarfin mai ya fita. Makanikin da zai shiga ƙarƙashin cebur a ɗage, sai ya tokare silinda da ƙarfen tokara tukuna.