Ɓarakar Da Aka Ɗinke A Takarda



A 2022 masu binciken Google suka gano ɓaraka biyar a manhajar da ke tuƙa Mali. Ba ƙasar muke nufi ba, na'urar zana hoto ce ta kamfanin Arm da ke cikin wayoyi. Manhajar nan a ƙuryar tsarin waya take zaune, saboda haka ɓarawon da ya bi ta nan yana iya mallake wayar ɗungurungum.

Arm ya gyara a Yuli da Agusta. Amma har Nuwamba gyaran bai isa wayoyin Samsung, Xiaomi da Oppo da aka gwada ba, kai, har da Pixel ta Google. Mu masu tsofaffin wayoyi, da albashinmu a ciki, wa zai aiko mana da shi?