Yadda Ƙwayar Halitta Take Tafiya Ba Ta da Ƙafa



Idan ƙaya ta soki mutum, tun bai gama ɗingishi ba fararen ƙwayoyin jininsa sun fara ratsa bangon jijiya suna rarrafe zuwa wurin raunin. Ba su da ƙafa, amma sukan ci kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita a minti guda. To, mene ne yake tura su, kuma wa yake nuna musu gaba?

A cikin kowace ƙwaya akwai zarurruka siraran gaske waɗanda masana suke kira ƙwarangwal ɗin ƙwaya. Ni dai a ganina sunan nan yana ɓad da mutane, domin ƙashi ba ya warwarewa ya sake haɗuwa, su kuwa zarurrukan nan aikinsu ke nan dare da rana. Waɗanda suka shafe mu yau an yi su ne da wani furotin mai suna aktin, wanda Bruno Straub ya fara tacewa daga tsoka a ƙasar Hangari cikin 1942. Ƙananan gutsattsarinsa suna jeruwa su zama zare, zaren kuma yana tsawo ta kai ɗaya har ya dunguri fatar ƙwayar ya tura ta gaba. Ku ɗauka mutum ne yake cire dirkokin rumfarsa daga baya yana kafa su a gaba. Sannu a hankali sai a ga rumfa ta bar inda take.

Amma dirka ba ta kafa kanta. Akwai wani gungun furotin bakwai da aka gano a 1994, ana ce masa Arp2/3, wanda yake maƙalewa a jikin tsohon zare ya tsiro da sabon reshe. Akwai mai toshe kan zare don kada ya yi tsawon banza. Akwai kuma kofilin, mai tsinka tsofaffin zarurruka a baya domin a sake amfani da gutsattsarinsu. A 1999 Marie-France Carlier da abokan aikinta a Faransa suka haɗa waɗannan kaɗai da aktin cikin ruwa, suka saka bakteriya a ciki, sai ga ta tana tafiya, zarurruka suna tura ta. Watau gini da rushewa su kaɗai sun isa su haifar da motsi.

Saura batun alƙibla. A 1992 Anne Ridley da Alan Hall a birnin Landan suka nuna aikin wasu ƙananan furotin guda biyu masu kama da makunnin lantarki. Idan aka kunna Rac, sai gefen ƙwaya ya shimfiɗu kamar leɓe. Idan aka kunna Rho, sai zarurruka su ɗaure tamau, furotin ɗin da ake kira mayosin ya ja su. A 1995 aka ƙara da na uku, Cdc42, mai fitar da 'yan yatsu masu lalube. A ƙwaya mai tafiya, galibi Rac ne yake rinjaye a gaba, Rho kuwa yana janyo baya. Da ko'ina zai kunnu lokaci ɗaya, da sai ta yi ta mutsu-mutsu a wuri guda.

Kada ku ɗauka wannan zancen ɗakin bincike ne kawai. Akwai cutar gado da ake kira Wiskott-Aldrich, wadda kusan yara maza kaɗai take kamawa. Furotin ɗaya ne tak ya lalace a jikinsu, wanda yake isar da umarnin Cdc42 ga Arp2/3, amma sai ka ga yaro yana yawan zubar jini, cututtuka suna ta kama shi. A ɗaya gefen, abin da yake kashe yawancin masu ciwon daji shi ne ƙwayoyin ƙarin su tashi su yi ƙaura zuwa huhu ko hanta ko ƙashi. Matsalar masu neman magani ita ce, da kayan aiki iri ɗaya ƙwayar daji da farar ƙwayar jini suke rarrafe, saboda haka maganin da zai gurgunta ta farko yana iya hana ta biyu isa wurin da ƙaya ta soka.

Malam Shugaba, a nan zan dakata, in saurari tambayoyi.