Littafi da Bindiga a Kaya Ɗaya: Ingila, Iran da Rediyon Babana

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda suka ce data ba ta isarsu sauraro, musamman 'yan uwa na wajen Kebbe da Kuchi inda sabis ke wahala.

Abin da ya jawo maganar yau, wani ƙanena ne ya turo mini hotunan takardu biyu a WhatsApp. Ɗaya ta neman gurbin karatu ce a Ingila. Ɗayar kuma wani ne ya yi masa hanyar tafiya Iran, birnin Ƙum, karatu da ci da kwana duk kyauta. Ya ce, "Yaya, wacce ce babu wata manufa a bayanta?" Na yi dariya, na ce ya bari sai na amsa masa a gaban jama'a, don na san ba shi kaɗai ke riƙe da irin wannan tambaya ba.

Bari in fara daga gida. Mu da muka tashi a Tambuwal mun san rediyo kafin mu san waya. Babana da safe BBC yake kamawa, wadda ta fara Hausa tun 1957. Da dare kuma sai ya yi ta murɗa akwatin har ya samo sashen Hausa na rediyon Tehran. Labari ɗaya ne, amma in ka ji shi daga Landan ka sake jin shi daga Tehran, wallahi sai ka rantse abubuwa biyu ne suka faru. Wata rana na tambaye shi wa ke faɗin gaskiya a cikinsu. Ya ce, "Wanga na hwaɗin nashi, wancan na hwaɗin nashi. Kai dai ka ji mi kowane ya ɓoye." Lokacin ban gane ba. Sai da na je jami'a na ji sunan abin a aji, wai diflomasiyyar al'adu: ƙasa ta nemi zuciyarka ta hanyar harshenka, da littafi, da makaranta, da fim, ba ta hanyar soja ba.

To, waɗannan ƙasashe biyu da ke zawarcin kunnen Babana, su a tsakaninsu yaya suke? Tsohuwar gaba ce. A 1951 firaministan Iran, Muhammad Musaddiƙ, ya ƙwace man fetur ɗin ƙasarsa daga hannun kamfanin Ingila. A 1953 Ingila da Amurka suka haɗa baki aka kifar da shi. Har gobe Ba'iraniye bai manta ba. Ita kanta BBC da muke ji da Hausa, tun ƙarshen 1940 take magana da Farisanci, kuma gwamnatin Tehran ta yau kallon abokiyar gaba take yi mata.

Amma ku ji abin mamaki. Akwai wani ɗan dunƙulen yumɓu mai siffar ƙaramar ganga, tsawonsa kusan santimita 23, an rubuce jikinsa da sunan Sarki Sairus wanda ya ci Babila shekara 539 kafin haihuwar Annabi Isa. A Iraƙi aka tono shi a 1879, yana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, Iraniyawa kuwa suna ɗaukarsa abin alfaharin kakanninsu. A 2009 dangantaka ta yi tsami sosai, British Council ta dakatar da aikinta a Tehran, an kama wasu ma'aikatan ofishin jakadancin Ingila bayan rikicin zaɓe. Duk da haka, a watan Satumba na 2010 aka ɗauki wannan yumɓu aka kai shi Tehran aro. An yi ta jan ƙafa kafin nan, har Iran ta yi fushi ta ce ta yanke hulɗa da gidan tarihin, amma dai ya je, jama'a suka yi ta layin kallo, aka mayar da shi Landan lafiya a Afrilun 2011. Wata bakwai bayan haka, a Nuwamba, masu zanga-zanga suka haura katangar ofishin jakadancin Ingila a Tehran suka yi kaca-kaca da shi. Ingila ta kori jami'an Iran daga Landan. Ba a sake buɗe ofishin ba sai Agustan 2015. Ko a cikin waɗannan shekarun ba a daina magana ba: Sweden ce ke kula wa Ingila da harkokinta a Tehran, Oman kuma ke kula wa Iran a Landan. Kun san yadda maƙwabta biyu ke gaba amma yaransu na kai wa juna tuwo? To haka.

Sai dai yaron da ke kai tuwon shi ake mara in rai ya ɓaci. Akwai wata Ba'iraniya, Aras Amiri, ma'aikaciyar British Council a Landan, aikinta harkar zane-zane da baje kolin al'adu. Ta je gida gaishe da kakarta a 2018 aka kama ta, aka yanke mata shekara 10 da zargin leƙen asiri. Daga baya kotun ƙoli ta wanke ta, ta koma Ingila a farkon 2022, amma shekarun da ta yi a ɗaure wa zai biya ta? Ga Nazanin Zaghari-Ratcliffe da aka tsare tun 2016, ba ta bar Iran ba sai Maris na 2022, daidai lokacin da Ingila ta biya bashin kusan fam miliyan 400 na tankokin yaƙi da Sarkin Iran ya biya kuɗinsu kafin juyin 1979 ba a kai masa duka ba. Gwamnati ta ce abubuwan biyu ba su da alaƙa. Ni dai na ji, ban ce komai ba.

Yanzu wani zai ce, ina ruwan ɗan Dogon Daji da yumɓun Babila? Yawwa, nan nake so mu zo, don an yi irin wannan a Sakkwato shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma da yawanmu ba a koya mana ba.

A 1824 wani Bature, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wan Buhari ɗan Shehu da ya riƙe Tambuwal ɗin nan tamu. Waziri Giɗaɗo ne ya sauke shi. Aka yi hira, aka yi maganar ciniki, Bello ya nuna yana son a turo masa likita da wakili. Clapperton ya koma gida, ya dawo a 1826 da kyaututtuka daga Sarkin Ingila. A cikin kayan akwai yadudduka da agogo da makamai, akwai kuma littattafan Larabci: littafin lissafi na Iƙilidis, da littafin Ibn Sina. Ku lura da wannan. Ibn Sina Bafarishe ne, kabarinsa yana Hamadan a Iran. Wato Turawan Ingila, da suka so shiga zuciyar Sarkin Musulmi, da ilimin mutumin Farisa suka yi sallama. Sun yi nazarinmu, sun san malami ne, sun san littafi zai fi burge shi bisa yadin alharini.

Kuma ya burge shi. Clapperton ya rubuta cewa ya tarar da Bello zaune da littafin Iƙilidis a gabansa, har ya gaya masa dā gidansu na da kwafe ɗaya da aka samo daga Makka, gobara ta cinye. Ni wannan wurin yana taɓa ni, jama'a. Bature ya zo da tunanin zai nuna abin mamaki, sai ya tarar mai gida ya san littafin, nasa ne ma ya ƙone.

Amma littafin bai rufe wa Bello ido ba. Ya gano baƙon nasa na ɗauke da wasiƙa da kaya, har da makamai, zuwa ga Shehu Al-Kanemi na Borno, alhali ana cikin yaƙi tsakanin Sakkwato da Borno. Ya karɓe wasiƙar, ya hana shi wucewa. Clapperton ya ji haushi ƙwarai, ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato a Afrilun 1827. Bello ya riƙe littafi, ya yi godiya, ya kuma bincike sauran kayan. Shekara 76 bayan nan, ranar 15 ga Maris 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato, wannan karon babu littafi a kayan.

Kada wani ya ɗauka Ingila kaɗai nake nufi. A Oktoban 2010, wata ɗaya da kai yumɓun can Tehran, aka kama kwantena 13 a tashar Apapa ta Legas, an rubuta kayan gini ne, ashe makamai ne daga Iran. Kotu ta ɗaure wani Ba'iraniye a kan haka a 2013. Ƙasar da ke gaishe da Babana da Hausa kowane dare, ita ce dai.

Ni kaina na taɓa cin ladan kuturu, ba zan ɓoye muku ba. Bayan bautar ƙasa aka kira mu taron horar da matasa na kwana uku a wani otal, da kuɗin wata ƙasar waje. An ba mu abinci mai kyau da kuɗin mota, kuma gaskiya na koyi abubuwa, har yau ina amfani da su wajen bibiyar kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Amma a rana ta ƙarshe aka kawo takardar "matsayar matasa" mu sa hannu, alhali an buga ta tun kafin mu buɗe baki. Matsalar ruwan sha da 'yan bindiga da muka kwana biyu muna faɗa, ko layi ɗaya babu. Na sa hannu. Kunyar abincin da na ci ce ta sa ni, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Wasu abokaina na cewa a guje su gaba ɗaya, duk wanda ya je Landan ya zama ɗan koren Yahudu da Nasara, duk wanda ya je Ƙum ya dawo da fitina. Ban yarda ba. Na ga waɗanda suka je suka dawo da ilimi suna amfanar mutane. Na kuma ga waɗanda suka dawo ba sa iya zama da iyayensu, komai na gida ya zama jahilci a idonsu, ko kuma ya zama ɓata. Daga ɓangarorin biyu na gani. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaro ya ɗauko gabar Landan da Tehran ya kawo ta majalisar shayi a Tambuwal, ya daina gaisawa da ɗan unguwarsu, alhali su masu gabar suna can suna aron kayan tarihi, suna biyan bashi, suna ba juna biza.

Don haka ƙanena, ga amsarka: babu wadda babu manufa a bayanta, ko ɗaya. Kafin ka cike kowace, ka tambayi wa ke biya, da abin da za ka karanta takamaimai, da ko takardar shaidar za ta yi maka aiki in ka dawo Najeriya. Ka nemi mutum biyu da suka je suka dawo, ka zauna da su, ka kuma tambayi 'yan gidansu yadda suka same su. Ka tabbata fasfonka a hannunka zai zauna, kuma akwai kuɗin dawowa in abu ya ɓaci tsakanin gwamnatoci. Sannan ka je Kebbe ka gaya wa Baba da bakinka, kada ya ji a gari.

Wanda ya taɓa zuwa ɗaya daga cikin ƙasashen nan karatu, ya ajiye mana saƙon murya, zan sa a shiri na gaba ba tare da suna ba. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.