Yajin Aiki a Ƙasar Fir'auna



In an ambaci Masar ta dā, hankalinmu kan tafi ga dalolin Giza da zinariyar Tutankamun. Mu kuwa yau so muke mu sauka daga fada, mu shiga wani ɗan ƙauye da ake kira Dairul Madina, a yammacin kogin Nilu, daura da birnin Luksor na yanzu. Gidajensa ba su wuce saba'in ba. Mazauna cikinsa su ne masassaƙa da masu zane waɗanda ke haƙa wa sarakuna kaburbura a Kwarin Sarakuna. Ma'aikatan gwamnati ne sosai, kamar yadda da yawa daga cikinmu za su zama gobe.

Mun san su ne saboda mutanen nan ba su wasa da rubutu. Tun da Bafaranshen nan Champollion ya gano yadda ake karanta rubutun Masar a 1822, masana ke tonon abin da magatakardan ƙauyen suka bari a kan takardar fafirus da tsingaro. Har rajistar fashin aiki akwai, tana ajiye a Landan: wane bai zo ba don kunama ta harbe shi, wane yana dafa giya, wane yana shirya gawar ɗan'uwansa. Wanda ya taɓa riƙe rajista a ofis ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ba su san kuɗi ba. Albashinsu hatsi ne, buhu huɗu na alkama da ɗaya da rabi na sha'ir kowane wata, daga rumbun sarki. To, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, wajen 1157 kafin haihuwar Annabi Isa, hatsi ya daina zuwa a kan lokaci. Yaƙe-yaƙe da Libiyawa da mutanen da suka zo ta teku sun ci baitulmali, ga kuma shirin bikin cikar sarki shekara talatin a kan karaga. Da haƙuri ya ƙare, sai ma'aikata suka ajiye kayan aiki, suka ƙetare shingayen tsaro, suka zauna a bayan haikalin Tutmos na Uku, daga bisani suka shiga na Ramsis na Biyu. Kukansu yunwa da ƙishirwa, da rashin tufafi da mai da kifi. Suka nemi a kai ƙara ga Fir'auna da wazirinsa. Magatakarda Amennakht ne ya rubuta labarin, takardar tana birnin Turin na Italiya, kuma ita ce shaida mafi daɗewa da ake da ita ta yajin aiki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne dalilinsu. A aƙidar Masarawa, sarki shi ne mai tsare "ma'at", wato gaskiya da daidaito. Saboda haka ba tawaye suke ganin sun yi ba. Sarki suke tuna wa alkawarinsa. Mu a ganinmu wannan ya fi kowace dala nuna wayewar kai.

An biya su, amma da gutsuttsure. Akwai lokacin da waziri To ya aiko da rabin rabo. Yajin ya yi ta maimaituwa. Bayan 'yan shekaru aka ƙulla wa Ramsis makirci daga cikin gidansa, kuma binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna an yanke masa maƙogwaro. Waɗannan ma'aikata ne dai suka haƙa kabarin da aka sa shi.