Masu Tonon Kufai a Amurka



In an ce mulkin mallaka, hankalinmu kan tafi ga Lugga da zuwan Turawa ƙasarmu. Amma Amurka ma ta ɗanɗana mulkin Ingila, tun daga 1607 har ta yi shelar 'yancinta a 1776, kuma kufan mutanen wancan zamani ne za mu yi magana a kansu yau.

A arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ake kira Sabuwar Ingila, manoma da yawa sun bar gonakinsu a ƙarni na 19, wasu suka yi yamma neman ƙasa mai albarka, wasu suka shiga masaƙun birni. Daji ya cinye gonakin. Gidajen na katako ne, sun ruɓe, ba abin da ya rage sai ramin ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin gida, da rijiya, da shingen duwatsu. Waɗannan ramuka su ne masu na'urar gano ƙarfe ke farauta, da tsofaffin taswirori a hannu.

Aikin na'urar ba wuya. Faifan da ke bakinta na aika maganaɗisu cikin ƙasa; in ya ci karo da ƙarfe sai ƙarfen ya amsa, na'urar ta yi ƙara. Tsaba ɗaya ba a cika jin ta ba in zurfinta ya wuce kamar ƙafa guda. Tun 1881 Graham Bell, mai wayar tarho, ya gwada irinta don neman harsashi a jikin Shugaba Garfield, bai dace ba.

To, me suke samu? Galibi ƙusoshi da maɓallai, da ƙarfen ɗaure takalmi, da harsashin dalma. Wanda ya yi sa'a ya sami ɗari, watau rabin kobo na tagulla mai kan Sarki Joji na Biyu ko na Uku. Da yawansu jabu ne, gama Ingila ba ta wadata mutanen da tsaba ba, suka riƙa karɓar abin da ya samu. Akan tono azurfar Sifen da aka buga a Meziko, wadda doka ta yarda a yi ciniki da ita a Amurka har 1857. Abin da kowa ke mafarki kuwa shi ne sulen Masacusets mai hoton itace, wanda aka yi shekara kusan 30 ana bugawa amma duk 1652 aka rubuta a kansa.

Ga inda gizo ke saƙar. Tsabar nan a tafin hannu ba ta faɗin kome sai shekarar da aka buga ta. A cikin ƙasa kuwa shaida ce. In an same ta ƙarƙashin dutsen murhu, mun san ba a aza dutsen ba sai bayan shekarar nan. Fasassun tangaran da ƙasusuwan da ke gefenta su gaya mana abin da masu gidan ke ci da kuma ƙarfin arzikinsu. Mutanen nan talakawa ne, wasu ma bayi, ba wanda ya rubuta tarihinsu. Mai na'ura in ya zare tsabar ya jefa aljihu, ya watsar da tangaran don ba ya ƙara, ya kashe shaidar ke nan, kuma kufai ba a tona shi sau biyu.

Ba mu ce a hana su ba. Dokar Amurka ta 1979 ta haramta tonon wuraren tarihi a filayen gwamnatin tarayya ba da izini ba, amma a filin mutum galibi yardar mai fili ta isa, alhali kufai da yawa a can suke. Abin da ya fi hani amfani, a ganinmu, shi ne abin da aka yi a Montpelier, gidan Shugaba Madison a Bajiniya. Masana suka jawo masu na'ura aka yi aiki tare, kowace ƙusa aka sa mata alama a taswira kafin a ɗaga ta, da haka aka gano inda ɗakunan bayi suke. Ingila kuma tun 1997 ta buɗe rajista inda mai tsintuwa ke kai abinsa a rubuta, a mayar masa. Abubuwan da aka rubuta sun haura miliyan ɗaya.

Mu ma muna da kufai, da anini mai huji, da sisi da sule da suka zube a tsofaffin kasuwanni da barikoki kafin naira ta zo a 1973. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tonon kayan tarihi sai da izininta. Wasunmu a nan za su zauna a ofisoshin ƙananan hukumomi, kuma gabansu za a fara kawo mai tsintuwa. In suka tsorata shi, gobe ɓoyewa zai yi. Tambayar farko da ta kamata su yi masa ita ce: a ina ka same shi, kuma me ke kusa da shi?